Ɗamarar da Madubi Ya Farke

Akwai wani tela da abokansa suka laƙaba wa suna Madubi, wai don ba ya wuce gilashin mota bai tsaya ya gyara wuyan riga ba. Sharri ne irin na mutane. Bawan Allah aikin hannunsa yake dubawa, kuma ba laifinsa ba ne da rigar ta dace da mai ita. Aibinsa ɗaya, in ma aibi ne: ya fi damuwa da abin da ido zai gani a kan abin da jiki zai ji. Sai kuma ɗan tumbi da ya shigo masa babu sallama, wanda shi yake kira alamar kwanciyar hankali.

Tun yana saurayi burinsa ƙahon ragon dutse. Ƙanen matarsa, wani direba da ake kira Dogo, shi da kawunsu sukan tafi farauta can cikin duwatsu inda mota ba ta kaiwa. A wannan shekarar suka yarda su tafi da shi, aka samo masa izinin harbin rago ɗaya. Tun kafin a sa ranar tafiya ya ɗauko guduma ya kafa ƙusa a bangon falo, daidai saman kujerar da yake zama.

"Baban yara, wannan ƙusar fa?" in ji matarsa.

"Wurin ƙaho ne."

"Shi ragon ya san da maganar?"

Ka ji irin abin da mutum yake haƙuri da shi a gidansa.

Kawu ya tura shi sayen jakar goyo. Shagon ɗan tsukuku ne, jakunkuna a rataye har rufi, ga dogon madubi a ƙurya. Ya zaɓi wata mai ruwan ganye, mai sandunan ƙarfe a baya da aljihuna bila adadin. Mai shago ya zuba mata ƙullin yashi don gwaji, ya goya masa, ya ja wata faffaɗar ɗamara mai laushi ya ɗaure masa a ƙugu.

"Nan nauyi yake zama, Maigida. Kafaɗa riƙo kawai take yi."

Madubi ya juya ya kalli kansa. Ɗamarar ta tattaro tumbin nan ta turo shi gaba, kamar ƙullun da ya kumbura ya fi ƙarfin kwano. Cin mutunci a bainar jama'a, kuma da kuɗinsa. Ya ce a kwashe yashin, ya biya, ya fito. Yana isa shagonsa ya sa reza ya farke ɗamarar zare bayan zare, ya maida ɗinkin tsaf yadda ko kamfanin da ya yi jakar ba zai gane ba. Ya cilla ɗamarar cikin ƙyallayen da yake kai wa matarsa gida.

Ranar tafiya suka bar mota inda hanya ta ƙare. Dogo ya zagaya bayansa yana leƙe.

"Yaya, ina ɗamarar jakar?"

"Ɗamara ta masu raunin baya ce, ƙanena."

Kawu ya dube shi ya ce, "Ko uwa ba ta goyo babu majanyi." Ya sa kai gaba.

Tun a hawan farko kafaɗun Madubi suka fara kai ƙara. Amma Allah bai hana shi dabara ba. Duk inda aka tsaya hutawa, da zarar Dogo ya juya baya, sai wani abu ya yi ƙaura: yanzu tukunya, an jima gwangwanaye, can kuma turakun tanti.

"Wannan jakar tawa kamar kiwo take yi a hanya," in ji Dogo yana haki.

"Zaman mota ne ya kashe maka jiki," in ji Madubi cike da tausayi, yana tafe yana fito. Da haka jakarsa ta yi sakayau, ya tabbatar wa kansa cewa mai shago bai san aikinsa ba.

Bayan sun kwana a hanya cikin wani kogo, babu kafa tanti babu girki, da hantsi suka hau ƙololuwar tsaunin. A nan fiton ya ɗauke. Gajimare na ƙarƙashin ƙafafunsu, shimfiɗe kamar farin yadi da ba a taɓa sa wa almakashi ba. Duwatsu sun tsaya sahu bayan sahu har inda ido ya gaji. Wata mikiya ta wuce, kuma bayanta suka gani, don ƙasa da su take shawagi. Shiru ya yi yawa har mutum yana jin bugun zuciyarsa. Madubi ya ga kansa ɗan mitsitsi kamar allura a tsakar gida, kuma abin mamaki, hakan bai ɓata masa rai ba.

Kawu ya taɓa kafaɗarsa ya nuna da leɓe. Ragon yana tsaye kan wani falalen dutse, iska na kaɗa gashin wuyansa. Ƙahoninsa sun naɗe sun dawo har gefen fuska, gindinsu ya kai kaurin cinyar mutum. Bai yi kama da mai tsoron kowa ba. Madubi ya daɗe yana kallo kafin ya tuna da bindiga a hannunsa. Ya yi bisimilla ya harba, Kawu ya ruga ya yanka.

Madubi ya durƙusa ya shafa fatar yana dubanta da idon tela. Ya bi ta daga wuya har wutsiya, babu ɗinki, babu haɗi, babu inda ta yi yawa ko ta gaza.

"Tsarki ya tabbata ga wanda ya yanka wannan rigar," ya faɗa a hankali.

Aka feɗe, aka raba naman. Dogo ya zazzage jakarsa don ya jera nama kusa da baya, sai ga tukunya ta gangaro, ga gwangwanaye, ga turaku, har da kwalbar turare.

"Yaya, ashe baƙi na yi ban sani ba. To, ga 'ya'yanka, su koma gidan ubansu."

Yanzu jakar Madubi ta haɗa kayansa, da kasonsa na nama, da kan ragon ɗaure a sama. Da ya miƙe, nauyin bai sami ƙugun da zai zauna a kai ba, sai ya rataya gaba ɗaya a kafaɗa. Igiyoyin suka nutse cikin tsoka kamar waya. Kowane taku, kayan su yi hagu shi ya yi dama. Can a wata siririyar hanya a bakin kwazazzabo, jakar ta fizge shi, ƙafa ta zame, tsakuwa ta zuba ƙasa ba a ji saukarta ba. Dogo ne ya cafke shi ta wuyan rigar nan da yake yawan gyarawa.

Suka zaunar da shi. Kawu ya ce, "Matsa yatsana." Madubi ya miƙa hannu, yatsun suka ƙi lanƙwasuwa. Sun yi sanyi, sun mutu murus.

"Da waɗannan kake riƙe allura," in ji Kawu. "Sauke wani abu."

Madubi ya dubi Dogo. Dogo ya riga ya ɗauki rabin kason Kawu a kan nasa. Ya dubi sama, hadari na haɗowa ta bayan duwatsu, in ya sauko hanyar ba ta sake takuwa. Ya yi gyaran murya.

"Kawu, naman nan fa akwai irinsa a kasuwa."

"Ba a kashe rai don ƙusa, ɗana. Nama zai je gida. Ƙaho na mai sauran ƙarfi ne."

Dogo ya kwance kan ragon, don shi Madubi ko ƙulli ba ya iya warwarewa. Madubi ya ce a ɗora shi kan wani dogon dutse, fuskarsa na kallon kwarin. Da suka yi nisa ya waiwaya. Ƙahonin na nan a naɗe, baƙin hadari a bayansu, wani zaren rana ya sauka daidai kansu. Bai taɓa ganin abu mai kwarjini haka ba, kuma ya san ba zai sake kusantarsa ba.

Nama ya iso gida lafiya, maƙwabta suka ci suka sa albarka. Yatsun suka daɗe kafin su yarda da allura. Da ya shiga falo ya tarar ƙusar ba ta zauna haka nan ba: matarsa ta tsinci ɗamarar cikin ƙyallaye ta rataye ta.

"Kada bangon ya yi kunya," in ji ta.

Har yau tana nan. In baƙo ya tambayi wace dabba ce wannan, Dogo ne yake amsawa, dalla-dalla, da ƙari. Shi kuwa Madubi yakan gyara wuyan riga ya ce a dai lura da kyan ɗinkin.

Darasi: wanda zai sayi jakar shiga daji ya gwada ta da nauyi, ya ɗaure ɗamararta a ƙugu ko da madubi zai yi masa dariya, domin ba don hawa ake zaɓen ta ba, don saukowa da kaya ne. Kada mutum ya farke abin da bai san amfaninsa ba saboda kawai ya ɓata masa ado. Kuma wanda ya saba ɗora kayansa a bayan ɗan'uwansa ba zai san ƙarfin nasa bayan ba, sai ranar da babu mai karɓa masa.