Numfashin Tanimu a Kan Tabarma

An ce wai a wata tunga da ke bakin wani babban dam an yi wani Sarkin Ruwa mai suna Bawa, dattijo mai sanyin magana. Ya yi nutso tun yana saurayi, amma da huhunsa kawai, bai taɓa goya tukunyar iska ba, lissafin boko kuwa ko oho.

Wata Laraba injin jirgin fito na garin ya kwance ya faɗa ruwa, a wuri mai zurfin mita ashirin. Kashegari kasuwar tsallake ke ci, ga albasar mutane jibge a bakin gaɓa. Masu nutso da tukunya biyu ne a garin: Lauwali, da Tanimu, wanda ke auren 'yar Sarkin Ruwa. Tukunya ɗaya ce tak ke cike, sauran sai gobe za a kawo su daga birni. Su biyun suka zo gaban Sarki suna musu, jama'a na biye da su.

Tanimu ya durƙusa, ya buɗe wani ɗan littafi, ya ce, "Baba, agogon tukunyar nan yana kan ɗari biyu. Na auna numfashina, ɗaya nake ci daga ciki a minti in ina tudu. A zurfin mita ashirin mutum na cin ninki uku, ya zama uku ke nan. Iskar za ta kai ni fiye da awa guda, aikin ɗaura wa injin igiya kuwa, da sauka da hawa, minti talatin ne. Yau zan shiga."

Lauwali ya ce, "Ranka ya daɗe, lissafin a takarda daidai ne, amma ni jikina bai ba ni ba. A jira gobe mu shiga tare."

Masu albasa suka hau guna-guni, wai Lauwali tsoro ne ya kama shi.

Nan fa Sarki Bawa ya shiga tsaka mai wuya. In ya hana Tanimu, ya ƙaryata surukinsa a bainar jama'a, abin da dattijo mai kunya ba ya yi, ga shi ba shi da lissafin da zai kafa hujja da shi. In ya bar shi kuma, ya san ruwan nan ba ya mayar da wanda ya yi kuskure. 'Yarsa yake tunawa, da goyonta na wata biyar.

Ya ɓare goro, sannan ya tambaya ba tare da ya kama sunan surukin ba. "Malam, ranar da ka auna numfashin nan, a ina kake?"

"A gindin mangwaron gidana, Baba, a kan tabarma."

"A zaune?"

"A kishingiɗe. Na sha fura, ga iska na kaɗawa."

Sarki ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla. Lissafinka babu gyara a ciki, kuma na yarda mutumin da ke kishingiɗe a gindin mangwaro zai yi awa guda a ƙasan ruwa. Sai dai ba shi za mu aika ba. Wanda za mu aika mai jan igiya ne a cikin laka. A auna mana numfashin wannan, mu ma da ba mu yi boko ba mu gani."

Tanimu bai ga abin ƙi ba. Ya matsa jikinsa cikin baƙar rigar roba, ya goya tukunya, ya cusa tiyo a baki. Aka ɗaura igiya a wani tsohon kwalekwale da ke kife a tudu, aka ce ya yi ta ja. Ya ja, ya ja, gumi na tsiyaya ta wuyan riga. Da minti goma ya cika Lauwali ya leƙa agogo ya ce, "Ashirin ta tafi. Biyu ke nan a minti."

Tanimu ya zare tiyo yana haki. "Ko da hakan ma, shida ne a ƙasa. Minti talatin da uku. Ya isa."

"Saura awo ɗaya," in ji Sarki. "A ƙasan ruwan nan akwai duhu, akwai abin da zai shafi ƙafarka ba ka gan shi ba. Ni ba ni da kada a tudu da zan gwada ka da shi. Amma a kira mini Inna Delu."

Inna Delu ita ce matar Sarki, uwar matar Tanimu. Shekara huɗu da auren, Tanimu bai taɓa yarda sun haɗa ido ba, in ya hango ta a hanya sai ya faɗa gonar mutane. Ta zo ta tsaya a gabansa, ta riƙe ƙugu, ta dube shi daga sama har ƙasa cikin rigar nan da ta ɗame shi kamar fatar kwaɗo. Ta ce, "Ikon Allah. Yanzu wannan ne na ba 'yata? To, ja mu gani."

Tanimu bawan Allah ya ja. Tiyo na ta huci kamar zugazugin maƙera, idanunsa a ƙasa. Inna kuwa ta kafa masa ido, lokaci-lokaci ta yi tsaki. Minti goma na cika Lauwali ya ce, "Talatin. Uku a minti."

Sarki ya ce, "Malam, kai ne mai lissafi. Buga mana."

Tanimu ya zauna daɓas a kan kwalekwalen, ya buga a littafinsa. Uku sau uku tara. Ɗari biyu a raba tara. Ya daɗe yana kallon takardar kafin ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Minti ashirin da biyu."

"Aikin kuma talatin," in ji Sarki. "Takwas ɗin da suka rage, da me za ka shaƙa? Ni na tsufa da ɗaukar gawa daga ruwan nan, kuma ba zan fara da uban jikana ba."

Masu albasa suka daina guna-guni. Sarki ya yanke hukunci: a jira tukwane, su biyu su shiga tare, kuma allurar agogon tukunya na taɓa hamsin su hau, ko an gama ko ba a gama ba. Lauwali ya raɗa wa na kusa da shi cewa ai tukunyar ma yanzu saura ɗari da hamsin, ko Tanimu ya so yin taurin kai dattijon ya riga ya shanye masa ita a tudu.

Kashegari sai da suka nutsa sau biyu kafin injin ya fito, albasa ta kai kasuwa da la'asar. Da aka tambayi Tanimu abin da ya gani a ƙasa, ya ce wata ƙatuwar tarwaɗa ta shafi ƙeyarsa, amma da ya waiga ya ga ba Inna ba ce, sai hankalinsa ya kwanta.

Tun daga ranar masu nutso na tungar suke gaya wa sabon shiga: kada ka auna numfashinka a inda ka sha fura, auna shi a gaban abin da kake tsoro, don shi ne zai raka ka ƙasan ruwa.