Ɓera da Wayar Zaƙin Murya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

Ta zo mu ji ta, kunne a buɗe.

Alhaji Muzuru ne ya sayo kayan kiɗa, sifika biyu manya-manya, ya girke a falonsa. Ya aika aka kira Malam Bushiya mai gyaran rediyo. Shi kuwa Ɓera yana raminsa a bayan kujera, ya kasa kunne.

Bushiya ya leƙa bayan sifika ya ce, "Alhaji, waya ɗaya ba ta isa ba. Kowace sifika a ba ta biyu. Ta ƙasa ta ɗauki kaurin ganga, ta sama ta ɗauki zaƙin murya, kada su yi cunkoso a hanya."

Muzuru ya ce, "Ja musu wayoyin!"

Bushiya ya ja, ya ɗaure, ya kama gabansa. Muzuru ma ya fita neman sabon faifai.

Ɓera ya ce a ransa, "Zaƙi? A cikin waya? Zuma ce ko mazarƙwaila?"

Ya fito sumumu. Ya shinshina wayar sama, ba ƙamshi. Ya lasa, ba zaƙi. Ya ce, "Ai rake ma sai an ɓare." Ya gwigwiya, ya gwigwiya, har ta tsinke. Ba komai sai jan ƙarfe.

Ya ce, "Wataƙila na wannan ya ƙare." Ya koma ɗaya sifikar. Ya gwigwiya, ya gwigwiya, ita ma ta tsinke.

Yana cikin tofar da roba sai ga Muzuru. Ya sa faifai ya kunna. Ganga ta ce dum, dum, dum. Muryar zabiya kuwa kamar an kife ta da tukunya. Muzuru ya leƙa baya, caraf ya damƙe Ɓera.

"Ina zabiyata?"

Ɓera dai bakinsa bai mutu ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, zaƙin na tarar yana yoyo, na tara baki don kada ya zube, sai na haɗiye shi."

"To, ni ma in haɗiye ka."

"Haɗiye ni, Alhaji. Amma duk inda ka zauna, ko gaban surukai ne, zabiya za ta riƙa rera waƙa a cikinka."

Muzuru ya tuna surukarsa. Ya ce, "Mayar da shi!"

"Sai ta wutsiya zai fita. Sake ni, kai kuma ka murɗa ƙara."

Ɓera ya sa wutsiya tsakanin bakin waya biyu, da niyyar ya ɗan yi tsuwa ya sulale. Ashe Muzuru ya murɗa har ƙarshe. Wuta ta fizge shi, ya ƙwalla, "Tsiiiii!"

Muzuru ya lumshe ido yana rausaya. "Ga zaƙi! Kai, yau zabiya ta ƙure murya!"

Kafin ya buɗe ido, Ɓera ya faɗa rami, wutsiya na hayaƙi. Shi ya sa har yau ba gashi a wutsiyar ɓera.

Ƙurunƙus! Yau kan ɓera ya tsira, wutsiya ce ta sha. Wanda zai ɗanɗana waya, ya ari wutsiyar maƙwabci.