Tukwane Uku na Tabita

Akwai wata mace mai suna Tabita, gidanta nesa da rijiya. Tana da tukwane uku a gindin zogale. Ruwan ɗauraye kwanuka takan zuba a ta farko ya kwanta, ta tsiyaye na sama zuwa ta biyu, ta tace da ƙyalle zuwa ta uku, ta ba zogalen. Tsarin gero kuwa, wato ruwan wankinsa, na akuyarta ne. Abin da take zubarwa bai fi cikin ludayi ba, baƙi, mai kauri.

Mijinta Ayuba yakan tsokane ta: "Maman Luka, ruwan nan gadon gidanku ne?"

Ta ce, "Kai dai shanye ka miƙo kofin."

Ana nan, bazara ta tsananta, rijiyar ta ƙafe. Tulu biyu kaɗai ake samowa a yini, daga rafi mai nisa. Maƙwabta suka shiga sayar da awakinsu. Akuyar Tabita kuwa tana da ciki, kuma Tabita ta riga ta yi wa Ubangiji alkawarin ɗan domin bikin godiya.

Ayuba ya ce, "Mu sayar tun ba ta mutu ba."

Tabita ta ce, "A tulu biyu akwai rabonta."

Zogalen bai bushe ba. Akuyar ta ci ganye, ta sha tsari, har aka yi ruwan farko. A makon nan ta haifi tagwaye! Tabita ta rangaɗa guɗa, ta waiga, sai ga Ayuba yana lallaɓawa da ruwan wanke hannunsa zuwa tukunyar farko.

Ma'anar wannan misali ita ce, Allah ya sa Tabita biyu a jikin kowannenmu, su ne ƙoda. A yini guda suna tace ruwan da ya kai jarka bakwai daga jininmu, su mayar da kusan dukansa, su fitar da dattin a ɗan fitsari. Shi ya sa in an sha rana fitsari yakan ragu, ya yi duhu: ƙoda ce take tattali. Ku taimake ta, yara, ku sha ruwa.

Haka kuma zuciya. In an faɗa muku magana mai zafi, ku bari ta kwanta tukuna. Ku riƙe gaskiyar da ke ciki, ku zubar da ɗacin. Bai fi cikin ludayi ba.