Fitilar da Nawal Take Kunna wa 'Yarta

A garin Damanhur akwai wata mata mai suna Nawal, wadda 'yan layinsu suke kira Umm Basant, da sunan 'yarta tilo. Mace ce mai kirki, sai dai tana da rauni guda: ba ta iya ganin yarinyar nan cikin wahala ko ta ƙiftawar ido. In Basant ta yi tuntuɓe, uwar ce take fara jin zafin.

Basant tana shekara tara ta shiga ajin wasan ches, wato darar Turawa, a cibiyar matasa ta unguwa. Malaminsu, Kaftin Medhat, ya ba ta littafin masu koyo, ya kuma sa mata wata manhaja a wayar uwarta. Manhajar takan jera 'ya'yan dara ta ce a nemo tafiyar da ta fi. A ƙasa akwai hoton 'yar fitila, in an taɓa ta sai gidan da ya kamata a je ya yi haske.

"Madam Nawal, fitilar nan ki ɗauka babu ita," in ji Kaftin. "Ko yarinyar za ta wuni tana kallon allon, ki bar ta."

"To, Kaftin, in Allah ya yarda."

Wata rana da la'asar Nawal tana yanka lalo, Basant tana gefe ta ƙura wa wayar ido tana cizon yatsa. Can sai hawaye suka fara taruwa. Nawal karatunta bai yi nisa ba, ba ta san tafiyar giwa da ta doki a wasan ba, amma fitila dai ta gane ta. Ta goge hannu a rigarta, ta miƙa yatsa ta taɓa.

"Mama, Kaftin fa ya hana."

"Kaftin ne ya haife ki? Sau ɗaya ne, 'yar lele. Gama ki ci abinci."

Sau ɗaya ya zama kullum. In littafi ne, sai Nawal ta leƙa bayansa inda amsoshi suke, ta harhaɗa harafi da lamba da ƙyar. Har ta kai Basant ba ta taɓa ɗan dara sai ta ɗago ta dubi uwarta, ita kuma ta gyaɗa kai ko ta girgiza.

Mijinta Ragab, mai gyaran firji, yakan tsokane ta. "To wa za mu kai gasa, ke ko ita? In ke ce, a ɗinka rigar ƙungiya mai faɗi."

"Kai dai sha shayinka kafin ya huce."

Makin Basant a manhaja ya yi ta hawa, Kaftin ya ji daɗi. Da za a tafi gasa Iskandariyya, gurbi ɗaya ya rage wa 'yan mata. Ya ce Basant da wata yarinya, Marina, su kara, wadda ta ci ita za ta. Basant ba ta da zance sai na tafiyar nan.

Ranar karawa aka tsayar da iyaye a bakin ƙofa. Wasa ya yi nisa, sai Basant ta ɗaga hannu kan dokinta, ta janye, ta ɗago ta dubi uwarta. Nawal babu waya a hannu, babu bayan littafi. Ta yi mata murmushi kawai. Yarinya ta koma kan allo, ta sake ɗagowa. Agogon wasa yana ta ci, har lokacinta ya ƙare. Marina ta miƙo mata hannu.

Kaftin ya matso, ya ɗauki dokin ya tsallaka da shi. Ga sarkin Marina da wazirinta duk a bakinsa.

"Basant, irin wannan kin sha warwarewa a waya. Me ya same ki?"

Basant ta tashi ta nufi wurin uwarta. Sai da suka shiga keke mai ƙafa uku za su koma gida, ta kwantar da kai a kafaɗar uwarta.

"Na gani, Mama. Tun farko na ga dokin. Jira nake ki ce min daidai ne."

Nawal ta rungume ta, ta ce, "Ba laifinki ba ne, ɗiyata." Marina ce ta tafi Iskandariyya.

Iyaye 'yan'uwana, ni ma uwa ce, na san yadda zuciya take yi in ɗanka yana fama da abu kana kallo. Amma wannan faman shi ne karatun. Littafi da waya suna iya nuna wa yaro hanya, amma yarda da idonsa sai ya yi gumi shi kaɗai yake samu. Ranar da za a tsayar da mu a bakin ƙofa tana zuwa, a wasa ko a rayuwa. Mu zauna kusa da su, mu ba su abinci da addu'a, hannunmu kuma mu riƙe abinmu.