Hawainiya da Ƙwaryar Gayya

Ga ta nan, ga ta nan, ta iso bakin tabarmarku!

Ta zauna mu ji ta, Inna!

To, ku matso. Wata shekara ciyawa ta tashi cinye geron Hawainiya. Ga 'ya'ya bakwai, ga ta ita kaɗai. Dabara ɗaya ta rage mata, ta je gayyar Malam Bushiya. A garin nan, wanda ya yi aiki a gayyar wani, shi ake zuwa wa tasa gonar. Wanda bai yi ba, sai dai ya yi ta fama shi kaɗai.

Gayyar tasu kuwa da al'adarta. Ba mai sanin aikin da za a ba shi sai ya iso. Gwaggo Kunkuru na zaune a bakin gona da ƙwarya a rufe da faifai. Duk abin da gona ke bukata a lokacin, mai gona ya sa alamarsa a ciki. In ka zo, ta ɗaga faifai ta ce, "Kai irin wannan ne?"

Ranar farko Hawainiya ta zo tare da maƙwabciyarta Agwagwa. Gwaggo ta ɗaga faifai, sai ga gashin tsuntsu.

"Ana son masu fiffike, su tashi su dubo mana ko hadari na tafe. Ku irin wannan ne?"

Agwagwa ta ce, "Ni ce, Gwaggo."

Hawainiya ta dubi gashin, ta rikiɗa ta koma launinsa tsaf. "Ni ma ni ce!"

Gwaggo ta ƙura mata ido. "'Yar nan, kin tabbata?"

"Haba Gwaggo, ba ki ga jikina ba?"

"Na ga jiki. To, bismillah."

Agwagwa ta yi fir ta tashi. Hawainiya ta hau kan tsamiya, ta buɗe hannuwa, ta saki reshe. Tim! Sai cikin ƙaya. Ta koma gida tana ɗingishi, ba a lissafa ta cikin masu aiki ba.

Rana ta biyu aka ɗaga faifai, sai ga ɓawon kifi.

"Ana son masu iyo. Furar manoma na ƙetaren rafi."

Agwagwa ta ce, "Ni ce." Hawainiya ta koma fara fat tana ƙyalli kamar gogaggiyar tasa. "Ni ma ni ce!"

Ta faɗa ruwa. Ɓul, ɓul, ɓul! Da ƙyar Agwagwa ta cafko ta a wutsiya, ta ajiye ta kan yashi.

Hawainiya na tari tana cewa, "Ke ƙawata, wane asiri gare ki? Jiya kin zama tsuntsuwa, yau kin zama kifi!"

Agwagwa ta kwashe da dariya. "Ni ban zama komai ba. Fiffike nawa ne, iyo nawa ne, da su aka halicce ni. Duk wanda aka kira, sai in fito da shi. Ke kuwa riga kawai kike canjawa, mai rigar tana nan."

Rana ta uku ita ce ta ƙarshe. In ta wuce, gero ya tafi. Hawainiya ta zo jiki duk ciwo. Gwaggo ta ɗaga faifai, sai ga ƙahon sa.

"Ana son masu jan garma. Ke irin wannan ce?"

Jikin Hawainiya ya fara komawa ja irin na bijimi. Sai ta hango garmar, ta dubi siraran ƙafafunta. Ta tuna 'ya'yanta bakwai. Ta sunkuyar da kai.

"Gwaggo, ba ni ba ce."

"Alhamdu lillahi! Yau bakin ya faɗi gaskiya. Ai ba a korar wanda ya ce ba shi ba ne. Zauna nan, gona ba ta gama kira ba."

Ta zauna. Rana ta take tsaka, ta fara karkata. Can sai ga Malam Bushiya a guje, ya jefa wani abu a ƙwarya yana haki. Gwaggo ta ɗaga faifai, sai ga ƙafar fara.

"Fara ta sauka a kan wake! Ana son masu dogon harshe. Ke irin wannan ce?"

Hawainiya ba ta canja ko ɗigon launi ba. Ta ce, "Wannan kam, Gwaggo, ni ce tun daga kakata!"

Ta shiga wake. Caf! Caf! Caf! Kafin la'asar ba fara ko ɗaya, cikinta kuwa ya yi tim kamar tulu. Malam Bushiya ya ce, "Gobe gayya gonar Hawainiya!" Washegari aka nome geronta tas, 'ya'yanta na ta rawa a kan kunya.

Shi ya sa har yau in kun ga Hawainiya na tafiya, sai ta ɗaga ƙafa ta tsaya tukuna. Tambayar kanta take, "Nan wurina ne?" kafin ta taka.

Ku ma in an kira ku da abin da ba ku ba ne, ku ce ba ku ba ne. Abin da Allah ya sa a cikinku, ranar kiransa na zuwa.

Ƙurunƙus kan fara, wanda ya riga Hawainiya kamawa nasa ne!