Takardar Kamu a Hannun Nomau Maƙeri

Can a zamanin da, an yi wani sarki da mahara suka matsa wa iyakar ƙasarsa, har ya tura dogarawansa duka can, fada ta wayi gari babu mai kamo mai laifi. Ana cikin haka sai wani mahaƙin rijiya mai suna Jatau ya faɗa rijiyar da yake haƙa a bayan gari, ƙasa ta rufta masa. Abokin aikinsa Korau, wanda ke riƙe da igiya, ya gudu ya ɓuya a wani kufai. Gawar kuwa tana cikin rijiyar, don mahaƙan gari sun ce ba mai shiga.

Sarki ya ce, "Waziri, wa za mu aika?"

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, in dogari ya yi wuya, shari'a ta yarje wa alƙali ya ba talaka takardar kamu da sunansa. A ba Nomau maƙeri, wan mamacin."

Sarki ya ce, "A ba kura ajiyar nama? An ce tun ranar yake wasa wuƙa."

"Ranka ya daɗe, ko mun aike shi ko ba mu aike shi ba, zai tafi. Gara ya tafi da amanarka a wuyansa."

Aka kira Nomau. Alƙali ya buga hatimi ya miƙa masa, ya ce, "Ka nuna masa wannan, ka faɗa masa abin da ake tuhumarsa da shi. Kada ka buge shi, kada ka kwana da shi a hanya. Yau hannunka hannun sarki ne."

Nomau ya karɓa ya kama hanya. Rana na tsaka ya isa kufan, ya tarar da Korau zaune gindin kuka, ya rame, leɓɓansa sun tsattsage. Ya ɗaga takardar ya ce, "Alƙali na nemanka kan jinin ƙanena."

Korau ya miƙe ya ce, "Alhamdu lillahi. Mu tafi, Nomau. Amma don Allah kada mu bi ta bakin rijiya. Duk wadda na leƙa, muryarsa nake ji. Ruwan kududdufi nake sha."

Hanyar gari kuwa ɗaya ce, ta bakin rijiyar Jatau ta bi. Da suka iso, iska ta ɗauke, tsuntsaye suka yi tsit. Daga can ƙasa wata murya ta taso, a shaƙe, tana cewa, "Ja ni. Ja ni."

Korau ya durƙushe a bakin ramin. Nomau ya tsaya a bayansa. Ba kowa a wurin, turi ɗaya ya isa. Hannunsa ya kai kan wuƙa, ya daɗe a nan, gumi na zuba masa. Can ya kama Korau a kafaɗa ya janye shi, ya ce, "Tashi. Ba ni na kama ka ba, sarki ne."

A gaban alƙali Korau ya buɗe tafukansa, duk igiya ta saɓule fatar. Ya ce, "Allah ya gafarta malam, na riƙe har ta ci naman hannuna, ta kuɓuce. Ina jin yana kira, tsoro ya kama ni, na gudu ban nemo kowa ba."

Alƙali ya sa aka duba igiyar, aka ga ba yanka a jikinta, sai busasshen jini. Ya ce, "Babu kisa a kansa. Amma ya bar mai rai yana kira. Nomau, me kake nema?"

Nomau ya ce, "A fito mini da ƙanena in binne shi."

Washegari gari ya taru a bakin rijiya. Korau ya ɗaura sabuwar igiya a ƙugu, ya dubi jama'a ya ce, "Wa zai riƙe?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Nomau ya fito, ya naɗe igiyar a damtsensa, ya kafa ƙafa. Sannu a hankali ya zura shi, har duhu ya haɗiye shi. Da la'asar ya jawo gawar Jatau, sannan ya sake zura igiya ya jawo Korau.

Sarki da kansa ya bi sahun jana'iza. Da aka dawo daga maƙabarta, ya sa aka cike rijiyar nan da ƙasa, mutane suka koma harkokinsu.