Tunku da Ƙwaryar Tabawa

Ga ta nan, ga ta nanku, jama'a!

Ta taho, muna ji.

Tunku dai ya cinye wa Kaza 'ya'ya uku. Ran nan ya leƙo ta rariya, sai ya ga uwargida Tabawa ta kifa ƙwarya kan sumammen tsako, ta ƙwanƙwasa. Tana buɗewa, tsako ya miƙe!

Abin ya tsaya masa a rai. Ya ce, "Kaza, me ke cikin ƙwaryar nan?"

"A nan ake yin 'yan tsaki. Shiga ka gani."

Yana kutsawa, Kaza ta ɗauki kyarkyara. Tabawa ta rugo ta danne ƙwarya.

Tunku ya ce, "Duhu ne kawai! Yaushe za a ƙwanƙwasa?"

Kaza ta ce, "Yanzu. Taɓarya ake ɗaukowa."

Ƙurunƙus, kan tunku mai leƙe-leƙe!